Baffa da Gyaɗar Gefen Gabas

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffa, yayan mahaifina, ya cika wata Talata da hantsi a ƙauyenmu na ƙasar Ruwan Bago, ana tsakiyar kaka. Ina ofis a Karaye aka aiko mini. Kafin babur ya kawo ni an gama yi masa sutura, salla da rakiya kawai na samu.

Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, ni da Yaya, babban ɗan marigayin, da sauran dattawan gidan. Mutum ya zo ya tsuguna ya ce, "Ya haƙuri?" mu ce, "Da godiya." A ɗaga hannu a yi addu'a a shafa. Daga nan kowa yake ƙara nasa, kuma ƙarin nan shi ya hana ni sakat.

Wani mahauci daga Karaye ya ce, "Kai, an yi rashin mutum mai tausayi." Na ɗago na dube shi. Mutumin nan da idona na ga Baffa ya kore shi daga garke don ya dafa cinyar wani bijimi kafin ya yi sallama. Liman ya ce mai jin ƙai ne. Wani dillalin shanu, wanda shekara da shekaru ba sa ga maciji da marigayin, ya ce bai taɓa ganin mutumin kirki irinsa ba. Wani kuma ya ce mai alheri ne, har da share ido da bakin riga. Ni dai ina cewa amin, a raina kuma ina tambaya wane Baffan suke nufi, kuma me kowannensu yake hange a gidan nan yanzu da mai shi ya kwanta dama.

Kada a ga laifina. Zargi a wurin Baffa na koye shi, don mahaifina ya rasu ina ƙarami, a hannunsa na tashi. Baffa mutum ne da in ka gaishe shi da fara'ar da ta fi ta jiya, sai ya tambaye ka me ya faru. In maƙwabta suka aiko da tuwo, kafin ya wanke hannu zai ce, "Ku fito da garmar shanu kusa, gobe za a zo aro." Igiyar murfin rumbunsa wani irin ƙulli yake mata wanda ya gada a wurin kakanninsa makiyaya, ko ɓera ya taɓa sai ya gane. Da mutane Hausa yake yi, a gajarce, kamar ana sayar masa da kalmomin. Da shanunsa kuwa Fillanci yake yi, a tsanake, yana shafa musu wuya, kuma su kaɗai na taɓa jin ya tambaya ko sun kwana lafiya har sau biyu.

Kalmomin nan da masu ta'aziyya suke ta jera masa, su ne ya fi tsana a bakin mutane. Na san ranar da abin ya yi masa tsanani. A shekarar da aka yi fari, ban daɗe da kama aikin malamin gona ba, aka kawo hatsin agaji ƙauyenmu. Ni aka miƙa wa lasifika in riƙa kiran sunaye. Shugaban tawagar ya yi jawabi mai tsawo, ya ce tausayin talakawa da jin ƙai ne suka kawo su. Magidanta masu furfura suka jeru a rana, wanda na kira ya fito ya durƙusa ya tara bakin buhu, ya yi godiya, a tafa. Baffa yana tsaye a gindin ɗorawa yana kallo, bai matso ba. Ni kuwa ji nake ranar babu kamata.

Da la'asar na same shi yana gyaran tirke. Ya ce, "Malamin gona, yau na ga jin ƙai. Ashe da lasifika ake yinsa."

Na ce, "Baffa, ai taimako ne."

Ya ce, "Na ga taimakon. Na kuma ga mutumin da ya yi mini kaciya a durƙushe a gabanka."

Na so in kama shi da magana, na ce to shi me ya ɗauki jin ƙai. Ya ce jin ƙai na mai iko ne, shi ya sa mai karɓarsa yake sunkuyawa. Na ce tausayi fa? Ya ce tausayi mai yinsa ya fi wanda ake yi wa jin daɗinsa. Na ce rahama? Ya ce wannan ta Allah ce, kada wani ya ara ya yafa. Na ce kirki? Ya ce kirki shi ne ka hana saniyarka shiga gonar mutane. Da na ce alheri, sai ya ce in daina surutu in je in ɗebo wa maraƙi ruwa.

Wannan shi ne mutumin da aka kwana biyu ana kira mai tausayi a ƙofar gidansa. Na so in yi dariya, sai dai wurin ba na dariya ba ne.

Ranar sadakar uku, ana cikin rabon waina da gumba, wani matashi ya iso a kan keke, ya goyo wata tsohuwa. Ta sauka da ƙyar, tana rungume da ƙwarya an rufe da faifai. Ba ta dubi inda maza suke ba, ta shige cikin gida. Matashin ya jingine kekensa ya zo ya yi mana gaisuwa ya koma gefe ya zauna. Yaya ya taɓa gwiwata, ya ce a hankali, "Ita ce ko?"

Na ce, "Ita ce."

Ya ce, "Dubi hancin yaron nan."

Na duba. Dogon hanci ne, irin wanda rabin mutanen ƙasar Rogo suke da shi. Amma da yake Yaya ya ce in duba, sai na ga kamar na Baffa. Abu biyu suka zo mini a rai lokaci guda: sunan marigayin, wanda ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, da kuma gado, wanda na san shi ne a ran Yaya.

Dole in koma baya, don a gane ko wace ce ita.

Baffa yana da gonar gyaɗa a bakin hanyar da ta nufi Zoza. A noman gyaɗa ban san wanda ya kai shi ba a yankinmu. Irinsa ma daban ne, 'yar ƙarama ja mai mai, wadda ya ƙi ya canza duk da sababbin irin da nake kawo masa daga ofis. Kowane manomi ya san ana cire gyaɗa ne da sauran danshi a ƙasa. In ka bari ƙasa ta ƙeƙashe, kana tugewa 'ya'yan suna tsinkewa suna zama a ciki, ka tashi da ganye a hannu. Baffa yakan cire gonarsa duka a kan lokaci, tsaf, ban da gefen gabas, wanda ya fi ko'ina kyau. Shi sai ya yi ta ja masa rai. Yau bayansa ke ciwo, gobe bai yarda da 'yan ƙwadagon ba, jibi ya ce ba ta gama nuna ba. Sai ƙasa ta bushe ƙamas sannan ya sa a cire, kusan rabi ya zauna a ƙasa.

Abin da ya zauna kuwa na masu kala ne. Kala al'ada ce da kowa ya sani: in mai gona ya kwashe amfaninsa, abin da ya rage a ƙasa na wanda ya tona ne. Ba roƙo ba ne, ba kyauta ba ce, ba a neman izini, ba a godiya. Mata sukan zo da 'yan fartanyoyinsu da ƙore su yini suna tono. Baffa yakan fito bakin gona da sandarsa ya yi ta yi musu faɗa: "Ku yi maza ku ba ni wuri, gobe zan sako shanu!" Goben nan takan kai mako biyu, don kullum akwai saniyar da bai yarda da lafiyarta ba.

Ni da na yi karatun noma, abin yana ci mini rai. Na yi masa bayani a zaune, na yi masa a tsaye. Ya ce, "Malamin gona, a takarda gyaɗarku take fitowa, tawa a ƙasa." Da fari na ce tsufa ne. Amma tsufan da yake kama gefe ɗaya na gona ya bar uku, ban yarda da shi ba. Sai na fara sa ido.

Abin da na gano shi ne, a cikin masu kalar akwai wata mata daga wani ƙauye na ƙasar Zoza, wadda mijinta ya rasu a shekarar fari ya bar ta da yara. Tafiyar ba kusa ba ce, amma kowace shekara ita take fara isowa, a safiyar da aka gama kwashewa, ba ta taɓa kuskure ranar ba. Wa yake gaya mata? Wata ranar kasuwar Karaye na samu amsa. Tana zaune a bakin layi tana sayar da kuka da busasshiyar kuɓewa. Baffa ya zo ya tsaya wurin mai igiyar da ke kusa da ita, ya juya mata baya, ya ɗauki igiya yana jujjuyawa, ya ɗaga murya fiye da yadda ciniki yake bukata: "Jibi nake gama cire gyaɗata, in Allah ya yarda, in ji da masu kala." Ya ajiye igiyar bai saya ba, ya wuce. Ita kuma ba ta ko ɗago ba.

Na ce shi ke nan, na kama bakin zaren. Dattijo mara mata, don Inna, matarsa, ta daɗe da rasuwa, ga bazawara, ga saƙo a ɓoye, ga rabin gefen gabas yana tafiya Zoza a ƙwarya. Ba jiya ko yau aka fara irin wannan ba, na ce, wa ya san tun yaushe. Na gaya wa Yaya a zaure, na ce ya riƙe a cikinsa. Kafin mako ya zagayo maganar ta kai bakin rijiya, ta kuma yi 'ya'ya a hanya.

Da kaka ta sake zagayowa, aka aiko cewa ƙanwar Baffa da ke aure a nesa ba ta da lafiya, ya tafi dubiya ya yi kwana biyar. A kwana na biyu aka yi ruwa. Na ce wa Yaya ga dama ta samu. Muka kira gayya, muka cire gefen gabas da danshinsa, muka bi da fartanya muka tsince ragowar, muka sako shanu. Gyaɗar da aka samu ban taɓa ganin irinta daga gefen nan ba, na yi ta nuna wa mutane.

Na ga zuwanta. Wata safiya ta iso bakin gonar da fartanyarta da ƙwaryarta, ta tsaya tana kallon shanu suna tattaka wurin. Wasu mata da ke wucewa suka yi wata magana suka kwashe da dariya. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ɗora ƙwaryar a ka ta juya. Ba zan ɓoye ba, a lokacin daɗi na ji.

Da Baffa ya dawo, bai shiga gida ba sai da ya biya gona. Ya same mu a ƙofar gida, ya ce, "Kun cire?"

Na ce, "Mun cire, Baffa. Tas."

Ya ce, "Tas."

Na ga ya kamata a yi ta ta ƙare. Na ce, "Baffa, Allah ya huci zuciyarka, in aurenta kake so ka fito fili, ba haram ba ne. In kuma sadaka ce, ka ba ta buhu a gaban mutane. Wannan ɓoye-ɓoyen ne yake jawo magana."

Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Ya ce, "Wa ya fara maganar?"

Na dubi Yaya, Yaya ya dubi ƙasa.

Ya ce, "Ka taɓa ganin na ba ta wani abu?"

Na ce a'a.

"Ka taɓa ganin na yi mata magana?"

Na ce a'a.

"To me ka gani?"

Na ce, "Na ga ana asara."

Ya ce, "Madalla, malamin gona." Ya wuce garke, na jiyo shi yana yi wa shanu Fillanci, muryarsa ba yadda na saba jinta ba.

Shekarar nan Baffa bai sa komai na gyaɗa a bakinsa ba, ba kunu, ba ƙuli-ƙuli, miyar da aka sa man ma sai ya ture. Wata uku yana amsa gaisuwata da ka. Ni kuma na ɗauki fushin a matsayin shaida, na ce ai in babu komai ba za a yi wannan zafin ba. Da kaka ta dawo ya koma halinsa, bayansa ya soma ciwo daidai lokacin gefen gabas. Babu wanda ya sake cewa uffan. Masu kala suka ci gaba da zuwa, yana korarsu. Ita dai ba ta sake zuwa ba, wurin zamanta a kasuwa ma wata ce ta gaje shi. Shekara takwas ke nan, sai ranar sadakar uku da ta sauka daga keke.

Bayan azahar Gwaggo, ƙanwar marigayin, ta aiko cewa baƙuwar nan tana son ganin namiji ɗaya daga cikin masu gidan. Yaya ya ce, "Je ka, kai ka iya bincike. In maganar gado ce, kada ka amsa komai." Ya biyo ni ya tsaya a bayan katangar zaure.

Na same ta zaune a kan tabarma, ɗanta a bakin ƙofa. Ta tsufa fiye da shekarunta. Na tsuguna na ce, "Sannu da zuwa, Iya. Kun sha hanya."

Ta ce, "Sannu, ɗan nan. Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi nan." Ta ɗage faifan ta turo mini ƙwaryar. "Ga wannan, a sa a cikin sadaka."

Gyaɗa ce ɓararriya, 'yar ƙarama ja. Ban bukaci a gaya mini ba. Na ce, "Wannan ai irin gidan nan ne."

Ta ce, "Shi ne. Daga kala na ware, nake shukawa a bayan ɗaki. Bai taɓa yanke mini ba."

Na daure na yi tambayar da aka aiko ni. Na ce, "Iya, ki gafarce ni. Mene ne tsakaninki da marigayi?"

Ɗan ya yunƙura, ta ɗaga masa hannu ya koma. Ta ce, "Tsakanina da shi? Kora." Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai zuci ba. "Wallahi ban taɓa jin muryarsa a kaina ba sai yana cewa mu ba shi wuri. Ko fuskarsa ban ƙare wa kallo ba. Amma ni matar manomi ce, ɗan nan. Saran farko da na yi a gonar nan na gane. Ba a barin gyaɗa haka bisa kuskure, ballantana shekara biyu a jere. Na sani, shi ma ya san na sani. Da ita na riƙe yara huɗu, in matse mai, in yi ƙuli, mu ci tunkuza. Kuma in na dawo gida babu mai cewa an ba ni, tonowa na yi da hannuna. Ban taɓa gode masa ba. Na san ranar da na gode, ranar na ɓata abin."

Na ji bayan katanga Yaya ya gyara tsayuwa. Babu maganar gado, babu maganar hanci. Ya kamata in ji sanyi, amma ban ji ba.

Ta ce, "Abin da ya kawo ni daban. Gafara na zo nema. Shekarar da na zo na tarar an share wurin an sako shanu, ga magana ta riga ni isowa, har a garinmu ana nuna ni da baki, sai na ce a raina ashe shi ma kamar kowa ne. Ya ji ana magana, ya ji tsoron sunansa, ya rufe mini ƙofa. Wani lokacin ma in ce ko shi ya fara faɗa, don a san yana yi. Shekarar nan ban iya riƙe su duka ba. Autata na ba dangin ubanta, can nesa. Ta girma a can, yau wata take kira Inna, ni kuwa in ta zo sai ta gaishe ni kamar baƙuwa. Shekara takwas ina riƙe da mutumin nan a zuciya. Da na ji ya rasu sai na ce, ke wanda ya ciyar da ke shekara huɗu ba ki roƙe shi ba, don ya daina a ta biyar, ina kika samu bakin riƙe shi? Shi ya tafi. Ku da kuke nasa, ku yafe mini a madadinsa."

Kalma biyu kawai ake bukata daga gare ni: mun yafe. In na faɗe su za ta hau keke ta tafi, Yaya ba zai tona ba don da shi aka yi, Baffa kuwa ba shi da bakin magana. Zai ci gaba da zama a zuciyarta mutumin da ya ji tsoro ya rufe ƙofa, wanda aka yafe wa. Ni kuma in ci gaba da zama malamin gona mai mutunci. Na buɗe baki da niyyar faɗarsu, Allah shaida ne.

Na ce, "Iya, ba shi ba ne."

Ta dube ni.

Na ce, "Ba ya gari aka cire. Ni na sa aka cire, ni na sa aka tsince, ni na sako shanun. Maganar da ta kai garinku ma daga bakina ta fita. Shi bai taɓa ambatonki ba, ko da na tsare shi. Shekarar nan bai ci gyaɗa ba." Na ƙarasa da cewa, "Kuma bai daina ba. Kowace kaka yana barin gefen nan ya bushe. Kowace kaka yana zuwa kasuwa ya tsaya wurin mai igiya ya faɗi ranar, ko da ya ga wata ce zaune a wurinki."

Ta ce, "Shekara takwas?"

Na ce, "Takwas."

"Yana zuwa yana faɗa?"

"Yana faɗa."

Ta ja mayafinta ta rufe fuska. Kukan ba mai sauti ba ne, kafaɗunta kawai suke motsi. Ɗanta yana kallona, na kuma san abin da yake so ya yi mini, ban ga laifinsa ba. Kunya da baƙin cikin da na ji a zauren nan ban taɓa jin irinsu ba, ko a bakin kabarin.

Na rasa abin yi, sai na yi abin da na iya. Na ce, "Iya, akwai gyaɗa a rumbu. Gobe zan sa a kai miki buhu biyu har gida, kuma duk shekara..."

Ta sauke mayafin. Ta ce, "Ɗan nan, Baffanka bai taɓa ba ni komai ba. Kada ka fara." Ta dafa bango ta miƙe. "Nawa na yafe maka, don ka faɗa da bakinka. Na 'yata ba ni da ikonsa. Nasa kuma tsakaninku ne." Ta bar ƙwaryar a nan, ɗanta ya goya ta suka tafi.

Baffa ya rasu bai cire gefen gabas ba, bayansa ya soma ciwon nan nasa tun kafin ciwon gaskiya ya zo. Washegarin sadakar uku aka yi yayyafi. Yaya ya ce a kira mutane a cire da danshi, tunda yanzu kayan magada ne. Na ce a bari tukuna.

Ya ce, "Kai ne fa malamin gona."

Na ce, "Shi ya sa na san ranar da za a cire."

Ya dube ni, ya tuna abin da ya ji a bayan katanga, ya amince. Muka bari kwana goma sha biyu, har ƙasa ta yi ƙamas.

Na bincika na gano ɗan nata gyaran keke yake yi a bakin hanya a Rogo. Na hau babur na je, na tsaya wurin mai shayin da ke kusa da rumfarsa, na juya masa baya. Na ɗaga murya na ce wa mai shayi, wanda bai san ni ba bai kuma tambaye ni ba, "Jibi muke gama cire gyaɗa, in Allah ya yarda, mu ji da masu kala." Mai shayi ya ce Allah ya ba da sa'a, yana yi mini kallon wanda ba shi da cikakkiyar lafiya.

Safiyar da aka gama kwashewa na ɗauki sandar Baffa na fita bakin gona. Mata sun kai goma. Tana cikinsu, a can ƙarshe, a sunkuye da 'yar fartanyarta. Yanzu 'ya'yanta sun girma, na san ba yunwa ce ta kawo ta ba. Ba ta dube ni ba, ni ma na kawar da kai. Na cika ƙirji na ce, "Ku yi maza ku ba ni wuri, gobe zan..." Sai muryar ta karye, sauran ya maƙale.

Ba ta ɗago ba. Tana tono ta ce wa matar da ke kusa da ita, yadda zan ji, "Wannan bai iya kora ba."

Na rubuta wannan ne don jikokinsa, waɗanda za su ji ana cewa kakansu mutum ne mai faɗa da zargi. Gaskiya ne, haka yake. Masu ta'aziyya sun ce mai tausayi, sun ce mai jin ƙai, sun ce mai alheri, har yau kuma ban san ko sun san abin da suke faɗa ba ko al'ada ce kawai ta sa su. Ni ba zan zaɓa masa ko ɗaya ba, don na san zai tambaye ni me nake nema. Saura guda ɗaya, wadda ya ce ta Allah ce. Ya Ubangiji, Kai da ba a ɓoye maka abin da aka bari a ƙasa, ka lulluɓe Baffa da rahamarka. Ni kuma ka sa ya yafe mini, don ban roƙe shi ba yana da rai.